Tiyatar rage girman mama: abin da ake yankewa, abin da ake bari, da inda matsala ke ɓullowa

Macen da nonuwanta suka yi mata nauyi, kafaɗunta ne ke fara ba da shaida. Igiyar rigar mama takan yi rami a kansu, wurin ya yi baƙi, ko ta cire rigar ramin ba ya cikowa. Sai ciwon wuya da na tsakanin allon kafaɗa, wanda ke tsananta da yamma. Ƙarƙashin nonon kuma, inda fata ke kwance a kan fata iska ba ta shiga, gumi kan jiƙa wurin har ya saɓule, ya yi ƙaiƙayi da wari. A shafa magani ya lafa, bazara na dawowa shi ma ya dawo. Wasu har ƙaramin yatsa da na kusa da shi kan riƙa yi musu kamar ana tsira allura, saboda nauyin yana janyo kafaɗa gaba, ya danne jijiyoyin da suka bi ta gindin wuya zuwa hannu.

Mata da yawa suna haƙuri da wannan shekara da shekaru don kunya, ko don tsoron kada a ce kwalliya suka je nema. Lalura ce, kuma tana da magani. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Putrajaya ta ƙasar Malesiya, ta sanya gyaran nono cikin aikin da ya halatta idan girmansa ya kai ga haifar da cuta. Amma aikin yana da farashin da ba na kuɗi ba. Za a sauke miki nauyi, ki ɗauki tabon da za ki zauna da shi har abada, kuma akwai yiwuwar ji a kan nono ya ragu, ko shayarwa ta yi wuya. Wadda ta san wannan tun kafin ta sa hannu a takarda, da wuya ta yi nadama.

Abin da ake cirewa yawanci giram 400 zuwa 800 ne a kowane ɓangare. Ledar ruwan fiya-wata guda ɗaya rabin kilo ce, to ki ƙiyasta leda ɗaya ko biyu rataye a kowane gefen ƙirji dare da rana. Idan abin da ya kamata a cire ya wuce kilo ɗaya da rabi a kowane ɓangare, an shiga wani mataki na daban, kuma dabarar aikin ma takan canza.

Kafin a sa rana

Abu na farko da likita zai tabbatar shi ne girman nan na nono ne kawai, babu wani abu a ɓoye. Nono ɗaya da ya kumbura shi kaɗai cikin 'yan watanni, ko mai ƙullutu, ko wanda kansa ke fitar da jini, ba maganar rage girma ake fara yi ba. Sai an yi hoto, wani lokaci a ɗebi ɗan nama a auna. Mace mai shekara 40 zuwa sama, ko wadda sankarar mama ta taɓa kama mahaifiyarta ko 'yar uwarta, ana son ta yi hoton mamogiram kafin aiki. Ga waɗanda shekarunsu ba su kai haka ba, sikanin ya fi nuna abin da ke ciki domin namansu yana da tauri.

Sai lokaci. Budurwa ta jira har girman ya tsaya cik na aƙalla shekara guda, domin in an yanke yana cikin girma zai sake fitowa. Mai shayarwa ta jira wata shida bayan yaye, ruwan nono ya ƙafe sarai, in ba haka ba yakan taru a cikin ciwon ya jawo ƙwayoyin cuta. Mai niyyar rage ƙiba ta rage tukuna, nauyinta ya zauna wuri ɗaya na wata shida. In aka yi aikin sannan ta zubar da kilo 15, nonon zai zube ya koma fata. Sai dai kada a yaudari kowa da cewa rage ƙiba shi ne maganin komai. Nono kitse ne haɗe da naman da ke samar da ruwan nono, kuma wannan naman ba ya narkewa da yunwa ko motsa jiki, ballantana da mai na shafawa ko shayin da ake tallatawa a Facebook. Ɗaure ƙirji da zani ma ba ya rage ko giram ɗaya, sai dai ya ƙara saɓule fata.

Abubuwan da suka fi lalata wannan aiki duk masu taɓa ƙananan jijiyoyin jini ne. Taba sigari da shisha su ne kan gaba: sinadarin nikotin yana tsuke jijiyoyin da fata da kan nono za su dogara da su, don haka ana dainawa mako huɗu kafin aiki da mako huɗu bayansa, kuma zama cikin hayaƙin wani ma yana da lahani. Mai ciwon suga sai gwajin jinin da ke nuna matsayin sugarta na wata uku ya sauko kusa da 8 cikin ɗari ko ƙasa da haka. Hawan jini sai ya daidaita, domin shi ke ɓalle jijiyar da aka toshe ta sake zubar da jini a daren farko. Ƙarancin jini ya yi yawa a tsakanin matanmu, musamman masu haihuwa kusa da kusa, kuma galibi ba a shiga aikin da ba na gaggawa ba idan PCV, wato ma'aunin yawan jini, bai kai 30 ba. A gyara shi da maganin ƙarin jini na makonni ya fi a dogara da ledar jini ranar aiki. Mai sikila kuwa shirinta daban ne, tare da likitan jini.

Akwai wanda mata ke ɓoyewa alhali bai kamata ba: man bilicin. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid mai ƙarfi, wanda ke sa fata ta yi siriri ta kasa riƙe ɗinki, ya jinkirta warkewa. Wadda ta daɗe tana shafa shi a duk jiki, yana iya raunana ƙarfin jikinta na jure wahalar tiyata, don haka likitan barci, wato mai sa barcin tiyata, yana buƙatar ya sani. Haka duk wani jiƙo, tsimi da garin magani na gargajiya, a daina mako biyu kafin aiki. Asfirin, ibufurofen da dikulofinak suna hana jini daskarewa, akan dakatar da su mako guda kafin aiki, amma wadda likitan zuciya ya ɗora a kan asfirin kada ta daina da kanta. Ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin tana ƙara haɗarin gudan jini a ƙafa, akan tsayar da ita mako huɗu kafin babban aiki a koma wata hanyar.

Ranar aiki, ba ci awa shida, ruwa zalla kuma a tsaya da shi awa biyu kafin a shiga.

Zanen da ake yi a tsaye

Rabin aikin yana ƙarewa ne kafin a shiga ɗakin tiyata. Likita zai sa ki tsaya, hannuwa a sake, ya zana layuka da alƙalami a ƙirjinki. A tsaye ake yi dole, domin da zarar kin kwanta nonon ya zube gefe, duk ma'auni ya ɓace.

Daga ɗan ramin da ke gindin maƙogwaro zuwa kan nono, a matsakaiciyar mace santimita 19 zuwa 21 ne. Mai wannan lalura ana samun 32, 38, har sama da 40. Amma likitan da ya ƙware ba ya bin lamba ido rufe. Yakan sa yatsa a lanƙwasar ƙarƙashin nono ya turo gaba, inda yatsan ya nuna a fuskar nonon nan ne sabon mazaunin kan nono. Idan nonon mai nauyi ne sosai yakan sauko da alamar santimita ɗaya ko biyu, saboda fatar da nauyi ya ja za ta koma sama bayan an sauke shi. Wannan ƙaramin lissafi yana da muhimmanci ƙwarai. Kan nonon da ya yi ƙasa ana iya ɗaga shi daga baya cikin sauƙi. Wanda ya yi sama har yana leƙowa ta saman rigar mama, gyaransa yana cikin mafi wahala a wannan fanni, domin sauko da shi yana barin tabo a wurin da tufa ba ta rufewa.

Baƙin da'irar da ke kewaye da kan nono, wanda nauyi kan buɗa ya kai santimita 8 ko 10, ana rage shi zuwa 4 ko 4 da rabi da wani zobe na ƙarfe da ake dannawa ya bar shaida.

Zanen fata iri biyu ne suka fi yawa. Na farko shi ne wanda likitan Amurka Robert Wise ya fito da shi a 1956, ya samo shi daga yadda ake yanka rigar mama. Tabonsa yana zagaye da'irar, ya sauko tsaye santimita 5 zuwa 7, sannan ya kwanta a lanƙwasar ƙarƙashi daga kusa da tsakiyar ƙirji zuwa wajen hammata. Shi ne ya fi dacewa da babban nono mai yawan fata. Na biyu, wanda Claude Lassus na Faransa da Madeleine Lejour ta Beljiyam suka yaɗa, ya yar da layin kwance ya bar da'ira da layin tsaye kawai. Tabonsa kaɗan ne, amma da farko nonon yakan fito a tattare, sama cike ƙasa a yamutse, sai bayan wata uku ya zauna, kuma an fi komawa ƙaramin gyara a ƙarshen layin. Ga mai cire giram 500 yana da kyau. Ga mai cire kilo ɗaya da rabi, nacewa sai shi neman wahala ne.

Zuƙe kitse kaɗai ba tare da yanka ba yana yiwuwa, amma ga mata kaɗan, galibi waɗanda suka daina al'ada, nononsu kitse ne kuma bai zube sosai ba. Ba ya ɗaga kan nono yadda ake so.

Ginshiƙin da ke riƙe da kan nono

Tambayar da mata suka fi yi cikin tsoro ita ce ko cire kan nonon ake yi a sake liƙa shi. A mafi yawan aiki ba a cire shi. Ana barin sa a manne da wani ginshiƙi na nama wanda jijiyoyin jini da na ji ke bi ta cikinsa, a yanke abin da ke kewaye, sannan a ɗaga shi tare da ginshiƙin zuwa sabon wurinsa. Fatar da ke kan ginshiƙin, samanta kawai ake ferewa, a bar ƙasanta domin ƙananan jijiyoyin da ke kwance a nan su ne ke kwashe jini su mayar.

Kusan kashi 60 cikin ɗari na jinin nono yana fitowa ne daga jijiyar da ke bin gefen ƙashin tsakiyar ƙirji, ta rassan da ke ɓullowa tsakanin haƙarƙari. Mafi yawan sauran daga wajen hammata yake zuwa. Ji kuwa, babbar jijiyarsa tana fitowa ne ta tsakanin haƙarƙari na huɗu da na biyar a gefen ƙirji, ta bi ta ƙasan nono a kan tsoka, sannan ta haura zuwa kan nono. Shi ya sa likita ke barin ɗan kitse a kan tsokar ƙirji ta wannan gefen maimakon ya kankare tas.

Ana iya ɗauko ginshiƙin daga ƙasa, ko sama, ko sama ta gefen tsakiyar ƙirji. Na ƙasa, mai faɗin santimita 8 zuwa 10, shi aka fi sabawa da shi tun shekarun 1970. Yana da aminci ga jini da ji. Aibinsa shi ne nauyin da aka bari yana ƙasa, don haka da tafiyar shekaru yakan zame ya cika ƙasan nonon, saman ya zama fayau, kan nono ya kalli sama. Na sama ta gefen tsakiya, wanda Elizabeth Hall-Findlay ta Kanada ta yi fice da shi tun 1999, yana cire naman ƙasa mai nauyin ya bar na sama, don haka siffar takan fi daɗewa. A ganina wanda likitanki ya fi yi kuma hannunsa ya faɗa a kai ya fi wanda kika karanta cewa shi ne sabon yayi.

Akwai inda ginshiƙin zai yi tsawon da jini ba zai kai ƙarshensa ba, misali idan daga maƙogwaro zuwa kan nono ya wuce santimita 40, ga ciwon suga ko tsufa. A nan akan koma ga tsohuwar hanyar da Max Thorek ya bayyana a 1922: a cire kan nonon gaba ɗaya, a rage kaurinsa, a dasa shi a sabon wuri, a ɗaure da auduga na kwana biyar zuwa bakwai har ya kama. Aikin ya fi sauri, jini kaɗan ake zubarwa. Amma shayarwa ta ƙare ke nan, ji ba ya dawowa yadda yake, kan nonon yakan baje, kuma a baƙar fata launinsa yakan tashi ya bar dabbare-dabbaren fari ko ja. Wani lokaci launin ya dawo cikin watanni, wani lokaci sai an cike da zanen allura. Kada wannan ya zo miki ba zato. Ki tambaya tun a ɗakin ganin likita ko akwai yiwuwar a koma ga dashe a tsakiyar aiki.

Aikin gaba ɗaya awa biyu zuwa huɗu ne, cikin cikakken barci. Ana auna abin da aka cire daga kowane ɓangare a sikeli, a ɗaga gadon a zaunar da ke kina barci don a gwada daidaito, sannan a rufe, galibi da zaren da ke narkewa da kansa. Wasu kan sa siririyar roba ta zuƙe ruwa na kwana ɗaya ko biyu, wasu ba sa sawa, kuma bincike bai nuna sawar tana rage matsala ba. Naman da aka cire dole a kai shi ɗakin gwaji, na dama daban na hagu daban. Samun sankara a ciki bai kai mace ɗaya cikin ɗari ba, amma yana faruwa. Ki karɓi takardar sakamakon ki adana.

Abin da ke lalacewa, da dalilinsa

Daren farko, taruwar jini ake tsoro. Alamarta ɓangare ɗaya ya kumbura fiye da ɗan'uwansa cikin 'yan awanni, ya yi tauri, zafinsa ya ƙi jin magani. Ba a jiran safiya. Jinin da ya taru yana danne ginshiƙi ya shaƙe kan nono, don haka komawa ɗakin tiyata ake yi a kwashe, a toshe inda ke zuba.

Kwana biyu zuwa uku na farko, ido yana kan kan nono. Yawanci ba shigar jini ce ke gazawa ba, fitarsa ce: ginshiƙin ya lanƙwashe ko ɗinki ya matse, jini ya shiga ya rasa hanyar komawa, kan nonon ya kumbura ya yi duhu. A farar fata nan da nan ake ganin shuɗi. A fatarmu launi ba ya saurin tona asiri, sai an taɓa an ji sanyi da tauri, ko a ɗan tsaga gefensa da allura a ga ko jinin ja ne mai haske ko baƙi ne. In an gano da wuri, warware 'yan ɗinki kawai kan cece shi. Mutuwar kan nono gaba ɗaya ba kasafai take faruwa ba, kuma masu shan taba da masu dogon ginshiƙi ta fi samu.

Matsalar da ta fi kowace yawa ƙarama ce amma tana tayar da hankali: buɗewar ciwo a mahaɗar layin tsaye da na kwance. Kusurwoyin fata uku ne suka haɗu a nan, can ƙarshen inda jini ke kaiwa, kuma duk nauyin nonon a kansu yake. A mako na biyu ko na uku sai wurin ya buɗe kamar faɗin farce ko fiye. Ba a sake ɗinke shi, domin zai sake tsagewa. Wanki da ruwan gishiri na asibiti da sauya bandeji ake yi, ya ciko da kansa daga ciki cikin mako uku zuwa shida. Ƙwayoyin cuta daban ne: ja mai yaɗuwa, zafi in an taɓa, mugunya, zazzaɓi. Kada a ɗauka maleriya ce a sayi magani a kemis, a koma wurin wanda ya yi aikin.

Kitsen da jininsa ya yanke yakan mutu ya dunƙule ya zama ƙullutu mai tauri bayan makonni, wani lokaci ya narke ya fito ta bakin ɗinki kamar mai. Yawancinsa yana laushi da kansa cikin watanni, amma duk ƙullutun da ya fito sai an duba shi da hoto, ba a cewa ai na aiki ne a share.

Wadda ke kisa ita ce gudan jini a jijiyar ƙafa da ke ɓallewa ya tafi huhu. Kumburin sha-raɓa ɗaya, ciwon ƙirji na farat ɗaya ko sarƙewar numfashi, asibiti ake nufa a take. Rigakafinsa tashi a taka tun ranar aiki, safar matsi, da allurar tsinka jini ga masu haɗari. Masu zuwa Masar, Indiya ko Turkiyya su yi lissafin zaman aƙalla mako biyu kafin hawa jirgi, su kuma san wanda zai duba ciwon in sun dawo, domin lokacin da mahaɗar ɗinki ke buɗewa ke nan.

Ji kuwa, kusan kowa takan sami canji da farko, ko mutuwar wurin ko tsananin ji har tufa ba ta taɓuwa. Jijiya tana farfaɗowa a hankali, wata shida zuwa shekara ko fiye. Wasu ba ya dawo musu duka. Nonuwa biyu kuma ba za su zama daidai wa daida ba, kamar yadda ba su kasance ba tun asali, kuma babu likitan gaskiya da zai yi miki alƙawarin lambar rigar mama.

Tabo a baƙar fata

Nan ne ya kamata macen Afirka ta fi tsayawa ta yi tunani. Fatarmu ta fi saurin yin tabo mai kauri, da kuma mai tohon nan da ke wuce iyakar ciwo, wanda likitoci ke kira keloyid, kuma tsakiyar ƙirji yana cikin wuraren da ya fi so. Jikinki ya riga ya ba ki labari: dubi hujin kunne, wurin lamba a dantse, tabon tiyatar haihuwa, tsagar da aka yi miki kina ƙarama. In ɗaya ya yi tudu yana ƙaiƙayi, ko abin yana cikin danginku, ki faɗa. Ba lallai ya hana aiki ba, amma zai sa likita ya gajarta layin kwance kada ya kusanci tsakiyar ƙirji, ya kuma fara rigakafi da wuri.

Tabo yakan fi muni a wata na biyu zuwa na huɗu, ya yi duhu ya taso, sannan ya riƙa kwanciya har wata 12 zuwa 18. Da zarar ciwo ya rufe ruf, wajen mako na uku, ana manna filastar takarda a kan layin don rage ja, ko faifan silikon aƙalla awa 12 a rana na wata uku. In ya fara tashi duk da haka, allurar tirayamsinolon a cikin tabon duk mako huɗu zuwa shida tana kwantar da shi, sai dai in ta yi yawa takan sa wurin ya yi fari ya lotsa. Man bilicin a kan sabon tabo ɓarna ce zalla.

Shayarwa

Ga wadda ba ta gama haihuwa ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce a wurin da ake shayar da yaro kusan shekara biyu, kuma madarar gwangwani ta fi ƙarfin gidaje da yawa. Wani nazari na 2017 da ya tattara bincike 51 ya nuna abin ya rataya ne ga naman da ke ƙarƙashin kan nono kai tsaye har zuwa ƙirji. Inda aka bar shi cikakke, kusan duka matan sun shayar. Inda aka bar wani sashe, wajen 75 cikin ɗari. Inda aka yanke shi, wajen 4 cikin ɗari. Saboda haka ki gaya wa likita ƙarara kina son shayarwa, ki tambaye shi wane ginshiƙi zai bari. In haihuwar ta zo, a sa jariri a nono tun awar farko, a riƙa auna shi: ya dawo nauyin haihuwarsa cikin mako biyu, yana jiƙa ƙyalle shida a rana bayan kwana biyar. In bai kai ba a ƙara masa da madara ba tare da an cire shi daga nono ba. Ciki kuma yana iya sake girmar da nonon ko ya zubar da shi, don haka wadda ke sa ran ciki nan da shekara guda gara ta jira.

Mako shida a gida

Akan kwana ɗaya ko biyu a asibiti. Zafin bai kai yadda ake zato ba domin ba a yanka tsoka. Farasitamol giram ɗaya duk awa shida, kada ya wuce giram huɗu a yini, tare da abin da likita ya ƙara, yakan isa. Rigar mama mai laushi marar ƙarfe, mai maɓalli a gaba, dare da rana har mako shida. Ki tanadi biyu ko uku saboda wanki. Kwanciya rigingine da matashi biyu, ban da rub da ciki.

Aikin ofis ko koyarwa ana komawa a mako na biyu zuwa na uku. Daka, surfe, jan ruwa a rijiya, wanki da hannu, ɗaukar bokiti da saɓa yaro, duk sai bayan mako shida. Mai ƙaramin yaro ta nemi 'yar uwar da za ta zauna da ita tun kafin a sa rana, kuma maigida ya raka ta ganin likita ya ji da kunnensa, domin a gida ne ake karya wannan doka. Salla a zaune a mako na farko ko na biyu, saboda ruku'u da sujada suna jefa nauyin nono a kan ɗinki.

Gashi da ruwan zafi, wanda muka saba yi wa kowane kumburi, haramun ne a nan ta fuskar lafiya. Fatar ba ta ji, za ta ƙone ba ki sani ba, kuma ƙuna a fatar da jininta bai gama dawowa ba takan zama gyambo. Wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan bayan likita ya ba da izini, a tsane wurin da tawul mai tsabta ba tare da gurzawa ba. In da zaɓi, lokacin sanyi ya fi watannin Maris zuwa Mayu, kuma kada a sa aikin dab da azumi, domin jiki yana buƙatar ruwa da abinci mai gina jiki, ƙwai, wake, kifi, nama, don ya haɗe ciwo.

Kumburi yana sauka cikin wata uku, siffa ta gaskiya sai wata shida zuwa shekara. Kada ki sayi rigunan mama masu tsada kafin nan. Ciwon wuya da kafaɗa kuwa, da yawa tun makon farko suke jin ya sake su.

Wanda zai yi aikin ya zama likitan fiɗa da ya ƙware a gyaran jiki, mai rajista da Hukumar Likitoci ta Najeriya ko ta ƙasar da yake, mai shaidar Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma ko makamanciyarta. Manyan asibitocin koyarwa ne suka fi tara irinsu. Ki tambaye shi sau nawa yake yin wannan aiki a shekara, ki nemi ganin hotunan baƙaƙen mata shekara guda bayan aiki, ki tabbatar akwai ƙwararren likitan barci da ma'ajiyar jini a wurin, da wanda zai duba kan nono cikin dare. Hoton da za a ɗauke ki na fayil ne, ba fuska, kuma kina da haƙƙin a sa ma'aikaciyar jinya mace a ɗakin duk lokacin da za a duba ki. In kin kai shekarun yin mamogiram, ki yi sabo wata shida zuwa shekara bayan aiki, ki gaya wa mai ɗaukar hoton an taɓa yi miki tiyata, domin da wannan hoton za a riƙa gwada duk na gaba.